BABI NA UKU: HANYOYIN HANA ZUBEWAR KAYA DAGA BEL ƊIN JIGILA A MASANA'ANTUN KADUNA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani a kan dalilan da ke sa kaya su riƙa zubewa daga bel ɗin jigila, da kuma dabarun da ake bi a hana hakan. Abin da ake nufi da bel ɗin jigila shi ne doguwar shimfiɗar roba da inji ke ja tana zagayawa, ana ɗora mata kaya a wuri guda tana kai su wani wurin. Ma'aikata kan kira shi kwambeya, ko kuma su ce bel kawai, kuma da wannan suna na biyu za a ci gaba da kiransa a nan.

Kinkinau unguwar zama ce da ke arewacin kogin Kaduna, ba matattarar manyan masana'antu ba ce kamar Kakuri da Kudanda. Duk da haka batun ya shafi mazauna irin waɗannan unguwanni, domin daga cikinsu ne leburori da kanikawan masana'antu ke fitowa, kuma su ne ake turawa ƙarƙashin bel da shebur idan kaya sun zube. Kaduna ta daɗe da sanin wannan na'ura. Tsohon kamfanin takin supa na Gwamnatin Tarayya, wanda ya fara aiki a shekarar 1976, da masana'antun fulawa da na abincin kaji da na haɗa takin kamfa, duk aikinsu na garin abu ne ko tsaba, wato irin kayan da ba a iya ɗauka da hannu sai an zuba.

3.1 Girman Asarar

Sau da yawa akan raina abin da ke zubewa, saboda kaɗan-kaɗan yake fita. Amma a ɗauki misali da bel mai ɗaukar tan 100 na taki a awa guda. Idan kashi ɗaya kacal cikin dubu ke faɗuwa, an yi asarar kilo 100 a awa, wato buhu biyu masu kilo 50. A aikin awa 8 ya zama buhu 16, a kwana 25 kuwa buhu 400, kimanin kashi biyu cikin uku na lodin tirela mai buhu 600. Ko da an share an kwashe, abin da ya taɓa ƙasa ya haɗu da yashi da giris, darajarsa ta faɗi. Idan abinci ne ma, kamar fulawa, bai halatta a mayar da shi cikin buhu ba sam.

Asarar kayan ita ce ƙarama. Garin da ya taru a ƙasa yakan binne rololin da bel ke gudu a kansu, ya shiga cikin boris ya cinye giris. Rolar da ta daina juyawa sai ta riƙa gogar bel har gefenta ya yi kaifi, daga nan ta tsaga robar. Ke nan zubewa tana haifar da lalacewa, lalacewar kuma ta ƙara zubewa.

3.2 Wurin Lodi

Mafi yawan zubewa a wurin lodi take faruwa, wato inda kaya ke saukowa daga mazurari zuwa kan bel. Don haka nan ne ya fi cancanta a tsaya a yi nazari.

Ba a shimfiɗe bel yake tafiya ba. Akan jera rola uku, ɗaya a kwance a tsakiya, biyu a karkace a gefe, ta yadda bel zai lanƙwashe ya zama kamar kwami. Karkatar rolar gefe yawanci digiri 20 ce ko 35 ko 45, kuma ta 35 ce aka fi yawan amfani da ita. Idan aka zuba kaya kafin bel ya gama lanƙwashewa, wato kusa da gangar baya, to gefensa bai riga ya tashi ba, kaya za su sulale. Wannan kuskure ne na gini, kuma yawan shara ba ya maganinsa.

Haka kuma dole kaya su sauka a tsakiyar bel. Idan mazurari ya karkace yana zuba su a gefe guda, nauyin zai ture bel zuwa ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa ganin jaki da aka ɗora wa mangala mara daidaito zai fahimci wannan. Maganinsa shi ne a sa farantin ƙarfe a cikin mazurari da zai juyo da kayan tsakiya. An fi so kuma kaya su sauka suna fuskantar inda bel ya nufa, da saurin da ya yi kusa da nasa, domin kayan da suka faɗo tsaye daga sama sai sun yi tsalle sun fantsama kafin su natsu.

A gefe biyu na wurin lodi akan kafa shingen ƙarfe, a ɗaura masa leɓen roba mai taɓa bel don ya toshe kafa. A nan ne ake yawan yin wata gurguwar dabara: idan leɓen ya cinye, sai a yanko tsohon bel a maye gurbinsa da shi don tsimin kuɗi. Tsohon bel yana da zare a cikinsa, tsakuwa da yashi kuma sun nutse a jikinsa, saboda haka sai ya riƙa kankare bel mai aiki kamar sanfefa. An tsimi kuɗin roba, an jawo sayen bel. Leɓen da ya dace shi ne wanda ya fi bel laushi, a kuma riƙa sauko da shi a kai a kai gwargwadon yadda yake cinyewa.

Sai dai leɓe ba ya amfani idan bel na lotsawa. Tsakanin rola da rola, nauyin kaya kan danna bel ƙasa, sai rata ta buɗe a ƙarƙashin leɓen. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ratar da yatsa ba zai shiga ba ta ishi gari fita. Shi ya sa a wurin lodi ake matso da rololi kusa da juna, ko a shimfiɗa sandunan da bel zai zame a kansu ba tare da ya lotsa ba.

3.3 Kaucewar Bel da Kayan da ke Mannewa

Bel kan kauce daga hanyarsa idan ba a haɗa bakinsa daidai ba, ko rololi sun karkace, ko wani abu ya daskare a jikin ganga. Ƙa'idar da kanikawa ke bi ita ce bel yana karkata zuwa gefen rolar da ya fara taɓawa. Don haka gyara a hankali ake yin sa, rola ɗaya bayan ɗaya, ana jira bel ya zagayo a ga sakamako. Ɗaure gangar baya ta gefe guda da ƙarfi yakan miƙar da robar har abada.

Akwai kuma kayan da ba sa faɗuwa a inda ake so, sai su manne su biyo bel ta ƙasa suna kakkaɓewa a hanya. Wannan ya fi tsanani da damina a Kaduna, musamman ga takin yuriya, wanda ke jan laima daga iska ya yi danƙo. Akan sa makankari a jikin gangar gaba, a ƙara na biyu a ƙasa don ya kwashe saura, sa'an nan a sa wani mai siffar garma kafin gangar baya, ya ture duk abin da ya faɗo kan cikin bel.

3.4 Ɗaukewar Wuta

A nan ƙasar wannan babban dalili ne. Idan wuta ta ɗauke, bel kan tsaya da kaya a kansa. Dogon bel mai nauyi yakan ci gaba da gangarawa na ɗan lokaci, alhali gajeren da ke karɓa daga gare shi ya riga ya tsaya, sai mazurari ya cika ya tumbatsa. Bel mai hawa tudu kuwa, idan ba a sa masa abin hana komawa baya ba, sai ya juyo da kayansa ya jibge su a gindi. Tsarin da ya dace shi ne a fara tayar da bel na ƙarshe a dawo baya, wajen kashewa kuma a fara da na farko, a haɗa su ta yadda tsayawar na gaba za ta tsayar da duk na bayansa nan take.

3.5 Rufi da Ƙura

Da hunturu iska ce ke sata. Misali mafi shahara a Afirka shi ne bel ɗin Bukara da ke Yammacin Sahara, mai tsawon kusan kilomita 100, wanda ke kai dutsen fosfat bakin teku. Garin da iska ta ɗebe daga kansa tsawon shekaru ya bar farin zane a kan hamada, har ana ganinsa a hotunan tauraron ɗan'adam.

Rufe bel shi ne magani, amma rufi yana da nasa haɗari. A ranar 7 ga Fabrairu, 2008, masana'antar sukari ta Imperial Sugar da ke jihar Jojiya ta Amurka ta fashe, mutum 14 suka rasa rayukansu. Binciken hukuma ya nuna cewa an rufe bel ɗin da ke ƙarƙashin rumbunan sukari da farantan ƙarfe ba tare da an sa abin zuƙe ƙura ba. Ƙurar ta taru a ciki har ta kai yawan da za ta kama da wuta, kuma an fi zaton boris da ya yi zafi ne ya kunna ta. Sukarin da ya daɗe yana zube a sauran sassan ginin ya tashi sama, shi ma ya kama. Garin fulawa da na masara da dusa duk suna da wannan hali, don haka masana'antun abinci na Kaduna ba su tsira daga irinsa ba. Duk inda za a yi rufi, wajibi ne a haɗa shi da na'urar zuƙe ƙura da ƙofofin dubawa.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsabtace wurin aiki, da kange sassan inji masu haɗari, da kare ma'aikata daga ƙura. Amma inda aka fi samun rauni shi ne lokacin shara, sa'ad da lebura ya miƙa shebur kusa da ganga bel yana gudu, don kada a ce ya tsayar da aiki. Inda bel ke shiga ganga, idan ya kama bakin shebur ko hannun riga, ba ya ba mutum zarafin saki. Saboda haka kafin a shiga ƙarƙashinsa sai an kashe wuta, an sa kwaɗo a makunni, mai sharar kuma ya riƙe mabuɗin a aljihunsa har ya fito.