Kula da Babur a Gida: Aikin Mai Shi da Aikin Bakanike

Babur ya zama jigon sufuri a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa, tun daga Kano da Sakkwato har zuwa Maraɗi da Damagaram, domin shi ke kai manomi gona, ya kai ma'aikaci ofis, ya kuma ciyar da iyalin ɗan acaɓa. Tun bayan janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin kayan gyara da ake shigowa da su daga Sin da Indiya ya yi tashin gwauron zabo, har ta kai gyaran injin da ya buga yana iya cinye abin da mutum ya daɗe yana tarawa. Sai dai mafi yawan lalacewar da ke kai babur ga wannan hali ba ta faruwa dare ɗaya, tana taruwa ne sannu a hankali daga ƙura da tsohon baƙin mai da noti da ya saki, kuma duk waɗannan abubuwa ne da mai babur zai iya magancewa a ƙofar gidansa da sifana da filaya da tsumma.

Masu ƙera babur sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa wasu ƙasashen Asiya, ciki har da Tailan da Indunusiya da Pakistan, inda suka tarar ana lafta wa babura kaya fiye da ƙima, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, matatar iska kuma ta toshe da ƙasa. Sakamakon wannan bincike ne aka fitar da samfurin CG125 a 1975, mai sauƙin inji da matatar soso wadda ake wankewa, kuma a kan tsarinsa ne aka ƙera da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Haka nan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya samu karɓuwa a wurin 'yan acaɓa saboda juriya, amma juriyar kowane inji tana da iyaka.

Abu na farko shi ne baƙin mai. Injin irin waɗannan babura iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto kamar mota, saboda haka mai kimanin lita ɗaya da ke cikinsa shi ne ke hana ƙarafa gogar juna, shi ke kwashe wani ɓangare na zafi, kuma shi ɗin dai ke jiƙa giya da kuloci, wato farantan da ke haɗa inji da giya ko su raba su. Wannan ne ya sa man babur ke saurin gajiya fiye da na mota. Ana duba shi ne bayan an kafa babur a tsaye a wuri mai daidai, a zaro sandar awo a goge ta, a mayar a sake zarowa, a tabbata man yana tsakanin alamomi biyu da ke jikinta. Juye kuwa, wato zubar da tsoho a zuba sabo, an fi yin sa inji na da ɗumi domin dattin ya biyo man ya fito. Littafin kowane samfuri ya ƙayyade tazarar juye, wadda galibi ba ta wuce 'yan dubban kilomitoci, amma mai aiki a hanyar birji ko cikin cunkoso ya kamata ya rage ta. A ƙasa mai zafi an fi amfani da mai lamba 20W-50, kuma wanda ke ɗauke da alamar JASO MA ya fi dacewa, domin an tsara shi yadda kuloci ba zai riƙa sulɓewa ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi babu mai iya shaidar asalinsa, tsohon mai kuma ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya.

Na biyu shi ne iskar da inji ke shaƙa. Kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda, tana buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 15 na fetur kafin ƙonewa ta yi kyau, kuma dukkan wannan iska ta matata take bi. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke tasowa daga Sahara, matatar kan toshe cikin ɗan lokaci, sai babur ya fara shan mai yana rasa ƙarfi. Matatar soso ana wanke ta da kananzir, a matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a shanya, sannan a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake matsewa, domin danshin man ne ke kama ƙura. Ta takarda ba a wanke ta, kaɗewa ake yi ko a sauya. Idan kuma an sayi fetur mai ruwa ko datti, kamar yadda kan faru da na jarka, akwai ƙaramin sukuru a gindin kafireto wanda idan aka rufe famfon mai aka sassauta shi, abin da ya kwanta zai zubo, kuma a farar kwalba za a ga ruwan ya koma ƙasa domin ya fi fetur nauyi.

Fulogi, wanda ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur, shi ne ke tona asirin abin da ke faruwa a cikin inji. Idan aka kwance shi bayan inji ya huce aka ga bakinsa a bushe mai launin ruwan ƙasa, to ƙonewa tana tafiya daidai. Baƙi mai gari kamar kunkunniya yana nuna fetur ya yi yawa ko matata ta toshe, baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na ratsa ringin fistin yana ƙonewa, fari fat kuma alama ce ta ƙarancin fetur da zafi mai yawa. Ratar da ke bakinsa a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Wajen mayar da shi da yatsu ake fara ɗaurawa kafin a sa sifana, saboda kan silinda na alminiyam ne, kuma idan zaren ya ci juna, aikin ya fi ƙarfin gida.

Sarƙa tana buƙatar awo da idon basira. Idan aka ɗaga tsakiyarta ta ƙasa da yatsa, ya kamata ta yi wasa na santimita 2 zuwa 3, domin wadda ta saki tana iya zamewa ta kulle tayar baya ana cikin gudu, wadda aka ja da yawa kuma tana cinye boris. Ana daidaita ta da notuna biyu da ke gefen tayar baya, a bi alamomin kowane ɓangare daidai wa daida don kada tayar ta karkace. Ana wanke ta da kananzir a shafa mata mai, musamman da damina, amma inji a kashe, domin sarƙa mai juyawa ta sha guntule yatsu. Idan haƙoran farantan da take hawa suka yi tsini suka lanƙwashe, sarƙar da farantan biyu ake sauyawa tare, in ba haka ba tsoho zai cinye sabo.

Sauran dubawar ba ta ɗaukar lokaci. Iskar taya da geji ake auna ta taya na sanyi, galibi kusan PSI 25 a gaba da 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya. Hannun birki da na kuloci suna buƙatar wasa na santimita 1 zuwa 2 kafin su kama, batir kuma ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, a kuma goge farin garin da ke taruwa a kawunansa.

Batun ƙare-ƙare shi ne inda masu babur suka fi yi wa kansu illa, garin neman gira a rasa ido. Cire matatar iska ko fasa cikin salansa don ƙara ƙarfi ba ya ƙara komai sai kuwwa, alhali yana rage fetur a cikin gaurayen, ya ƙona bawul, ya kuma bar ƙura ta goge silinda. Jona fitilu da rediyo da manyan oda ba tare da fis ba yana kashe batir, yana kuma iya ƙona wayarin. Ƙarin da ke da amfani shi ne taya mai inganci, da fitilar LED wadda ba ta jan wuta da yawa, da ƙaramar matatar fetur a jikin tiyo, da mayar da madubai da murfin sarƙa waɗanda ake yawan cirewa don ado.

Aikin gida yana ƙarewa ne a inda ake buƙatar buɗe inji. Saita bawul, wanda ratarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a irin waɗannan injuna, da sauya ringi ko farantan kuloci, da gyaran birkin da ke aiki da ruwa, duk na bakanike ne mai kayan awo. Shuɗin hayaƙi daga salansa, ko ƙarar ƙwanƙwasa daga cikin inji, ko garin ƙarfe mai ƙyalli a cikin tsohon mai, alamu ne da ke nufin a ajiye babur a nemi gwani tun ɓarnar ba ta yaɗu ba. Mai babur da ke rubuta ranar juye da lambar kilomita a ɗan littafi, ya kuma iya faɗin lokacin da ƙarar ta fara, yana sauƙaƙa wa bakaniken kirki gano ciwon, kuma da wuya a sayar masa da kayan da baburinsa bai buƙata ba.