Kuka a cikin kasko: yaushe ake sauya mata ƙasa?

(Kiɗan buɗe shiri, a rage a hankali)

Yau muna Guéné, kudu da Malanville a ƙasar Benin, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Kandi ta nufi gadar Gaya. An san garin nan da kasuwar shanu, amma mu yau kuka ce ta kawo mu.

Duk wanda ya bi hanyar nan a watan Maris ya ga kukoki tsaye tsirara, babu ganye ko ɗaya, rassansu kamar saiwoyi a sama. Baƙo sai ya ce sun mutu. Ɗan gari ya san barci suke, tun kaka suka kaɗe ganye don su tattala ruwan cikinsu. To, ku riƙe wannan barcin a zuciya, a kansa zancenmu zai tsaya.

Akwai wata sana'a ta mutanen Japan, wadda suka koyo daga Sin, ana kiranta bonsai, wato dashe a faranti. Itace ake rainowa a ƙaramin kasko shekara da shekaru, ana aske masa rassa, ana datse masa saiwa, ana tanƙwara shi tun yana ɗanye, har ya tsufa bai wuce kamu biyu ko uku ba, amma kamanninsa na ƙaton icce ne na daji. Kusa da Tokyo akwai unguwa guda, Omiya, da masu wannan sana'a suka kafa a 1925. Kuka kuwa tana cikin itatuwan Afirka da suka karɓi wannan raino, har a Sanigal ana sayar da 'yan ƙananan kukoki na kasko.

Ina da guda a tsakar gidana, a tukunyar ƙasa da na huda wa gindi. Ranar da na fara zare ta daga tukunyar, abin da na gani bai bar ni ba har yau: saiwoyin sun zagaye ciki sun naɗe kamar gammo, ƙasar ta ƙare, ga uwar saiwar ta kumbura kamar rogo. Shi ya sa in na zuba ruwa yake tsayawa a sama. Itacen kasko haka yake. In yaro ne, duk shekara ɗaya ko biyu sai an fito da shi, an rage saiwar, an ba shi sabuwar ƙasa. Tsoho kan kai uku zuwa biyar.

Yaushe ke nan? A Japan da Turai amsar ita ce ƙarshen sanyi, wajen Maris. Wanda ya karanta haka ya ɗauki almakashi a Guéné a farkon Maris, ya cuci kukarsa, domin a lokacin tana tsakiyar barci, ga zafin bazara yana tafe. Saiwar da aka yanke za ta zauna da rauni makonni ba ta warke ba. In an bar ta ta bushe, in an yi mata ruwa ta ruɓe.

Wanda kuma ya jira har ganye ya buɗe, damina ta kankama, shi ma ya makara. Kowane ganye baki ne mai neman ruwa, kai kuma ka yanke masu ɗebo shi. Kwana biyu ka ga ganyen ya yi yaushi.

Lokacin yana tsakani, kuma gajere ne. A ƙarshen bazara, sa'ad da iska ta juya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, je ka duba kan reshe da kyau. Za ka ga ɗan toho ya kumbura, ya yi kore-kore, bai fashe ba tukuna. Kuka ba ta jiran ruwan farko kafin ta farka. Abincin da ta tara a jikinta ya motsa, ganyen da zai sha ruwa bai fito ba, duk inda ka yanka nan da nan zai fid da sabbin jijiyoyi. Ranar ke nan. Rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na saiwar ba, da wuƙa mai kaifi, ka shafa garin gawayi a raunin. Ƙasar ta zama mai sakin ruwa, yashi mai tsakuwa da marmara da ɗan taki ruɓaɓɓe. Sa ta a inuwa, kuma ka danne zuciyarka, kada ka ba ta ruwa sai bayan mako guda. Nan ne mafi wuya, na sani, hannu ƙaiƙayi yake yi.

Kada kuma a ce kowane icce haka yake. Ku dubi gawo a gonakinmu: shi da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, lokacin da makiyaya ke sassabo wa dabbobi. Agogonsa a juye yake, ga saiwa mai nutsawa ƙasa da nisa, ba ta son taɓi.

Ina roƙon masu rainon itatuwa a leda su ma su saurara, musamman da yake tun 1985 ƙasar Benin ta ware 1 ga Yuni ranar dashen itatuwa. Ciwo nake ji in na ga an tura dashe cikin rami da saiwarsa a naɗe kamar yadda ta fito daga leda. A yanke gindin ledar, a warware naɗin, a jira ƙasa ta jiƙa sosai.

Tawa kukar, jiya da safe na duba ta, tohon bai motsa ba. Na wasa wuƙa, na tankaɗe yashi na ajiye, gobe kuma zan sake dubawa.

(Kiɗa)