Taswirar GPS: Abin dubawa kafin shiga lungunan Zariya

Direban da ya ɗauko kaya daga Tudun Jukun zuwa cikin birnin Zariya kan tarar taswirar wayarsa ta tsaya cak da zarar data ta ƙare. Laifin ba na GPS ba ne, domin siginar tauraron ɗan'adam kyauta take sauka; taswirar ce ke buƙatar intanet. Saboda haka gara a sauke ta tun daga gida, a Google Maps ko OsmAnd.

Ita kuwa wayar, sai ta kama taurari aƙalla 4 kafin ta tantance wuri, kuma a matsattsun lunguna katanga kan tare wasu. Mai saye ya nemi wadda ke kama Galileo da BeiDou tare da GPS.