Lafazin Kamfani da Hukuma a Rubuce: Duba daga Ƙasar Batsari da Safana

Kamfani ko hukuma da ke rubuta wa jama'a labarinta a kai a kai takan ɗauka cewa aikin takardar shi ne yabon mai ita. Wannan zato tsoho ne, kuma tarihin jaridun Hausa bai goyi bayansa ba. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Watau jaridar ta tarar da tambaya a bakin mutane, ta amsa ta. Da ta tsaya kirarin Gwamna, da wuya a ba da kwabo a saye ta.

Zato na biyu ya fi wannan ɓarna, gama yana kama da gaskiya: wai takarda ta mai iya karatu ce kaɗai. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga jaridun larduna, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, har aka rufe hukumar a 1959. A ƙauye mutum ɗaya ke karanta irin wannan takarda da ƙarfi, jama'a na saurare a zaure ko gindin bishiya. Mai rubutun a haƙiƙa kunne yake yi wa magana. Haka abin yake har yanzu, sai dai waya ta maye gurbin takarda, yaro ɗan makaranta ya karanta wa mahaifinsa saƙon masu sayar da taki ko na banki.

A nan ne nahawu ke shigowa. Hausa tana da lamirin da ba ya nuna mai aikatawa, watau an, ana, za a. Rubutun ofis yana son sa ƙwarai: an ɗage rabon taki, ana sanar da jama'a, za a duba lamarin. Lafazi ne mai ladabi, ba shakka, kuma mai shela yakan yi amfani da shi a bakin kasuwa. Amma fa mai shela kowa ya san wanda ya aiko shi, Sarkin Ruma ne a Batsari, ko Yariman Katsina a Safana. Takardar kamfani ba ta da wannan gata. Idan ta ce an ɗage, manomin rogo zai tambaya wa ya ɗage, zuwa yaushe, wa kuma za a riƙe in ranar ta wuce. Jimlar da ta ce mun ɗage zuwa ranar kaza tana ɗora wa kamfani nauyi, shi ya sa ake gudunta, shi ya sa kuma ake yarda da ita.

Batun karin harshe bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Mutumin yammacin Katsina yakan ce gidanshi, ya ce hwaɗi, amma daidaitacciyar Hausa ba ta gagare shi. Abin da ke toshe masa kunne ita ce Hausar da aka sassaƙo daga Turanci, mai doguwar jimla, wadda aikatau ba ya zuwa sai numfashin mai karatu ya ƙare.

Sa'an nan akwai masu ganin mugun labari ɓoye shi ake yi. Ƙasashen nan biyu suna maƙwabtaka da Dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe suna addabar mutane. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. A watannin nan labari ya koma rediyo da bakin direbobi da 'yan kasuwa. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan sanin wace hanya ce ke biyuwa yau ya ƙware wajen auna mai ba da labari, kuma da ma'aunin nan yake sauraron saƙon kamfanin da ya ce kaya sun iso alhali rumbun ajiya a rufe yake.