Asalin Kalmar "Shunayya" da Takwararta ta Ingilishi

Manufar wannan takarda ita ce nuna yadda sunan launi kan samo asali daga abin rini. Kalmar Ingilishi "purple" ta fito ne daga Latin "purpura", ita kuwa daga Girkanci "porphyra", watau sunan wani dodon-koɗin teku wanda mutanen birnin Taya, a ƙasar Labanan ta yau, suke tatsar rini daga jikinsa. Saboda tsadar rinin, sai launin ya zama alamar sarauta a daular Rum. Bai yi araha ba sai bayan 1856, da William Perkin ya haɗa sabon rini mai kama da shi a Ingila.

Haka al'amarin yake a Hausa. Tushen "shunayya" shi ne "shuni", wanda ake samu daga baba. Idan marini ya turara zane a karofi sau da dama, sannan aka buga shi da shuni, shuɗin yakan yi duhu da ƙyalli har ya ɗauko ja-ja, kamar turkuɗin Kura.

Ashe ke nan mai fassara ba ya bukatar aro. Sai dai ya lura: shunayyar Bahaushe ta fi karkata ga shuɗi, ta Taya kuwa ga ja.