Kafin Ka Zuba Kifi a Sabon Tanki

Daga Gummi zuwa Bukkuyum da Anka, ina yawan jin kuka iri ɗaya daga masu sabon kiwon kifi, ko na ado a akwatin gilashi, ko tarwada a tankin tamfol: ruwa fes, abinci isasshe, amma kafin sati biyu kifi sun fara juya ciki sama. Nan da nan a ɗora wa mai sayar da 'ya'yan kifin laifi. Ni kuwa ruwan nake tuhuma, don bai nuna ba tukuna.

Kifi na fitar da amoniya ta inda yake numfashi da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama, kuma guba ce. A Gulbin Zamfara ruwa mai gudu ke tafiya da ita. A tanki babu inda za ta, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun kafu a jikin soson tace ruwa da tsakuwa. Kashi na farko su mai da ita naitirayit, wadda ke hana jinin kifi ɗaukar oksijin, na biyu su mai da naitirayit ɗin naitiret mai sauƙin illa. Kafuwarsu kan ci mako 4 zuwa 6. Ka cika tanki, ka kunna na'urar iska, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum alhali ba kifi ko ɗaya. In kana da maƙwabci mai tsohon tanki lafiyayye, roƙi guntun sosonsa ka sa a naka, yadda 'yar Fulani ke ɗiga tsohon nono a madara don ta kama. Abin gwajin ruwa zai nuna maka ranar da amoniya da naitirayit suka koma sifiri. Sannan ka zuba kifi kaɗan-kaɗan.

Zafinmu yana ƙara tsananta lamarin. A Afrilu, in rana ta kai digiri 40, oksijin na raguwa a ruwa, dafin amoniya kuma na ƙaruwa. Na sha tsayawa bakin tanki da asuba ina kallon tarwada sun jeru a tsaye, gemu a saman ruwa, sun ƙi kula abinci. Idan ka ga haka, daina ciyarwa, ka canja wani kaso na ruwan. A ƙa'ida ma, canja kwata ɗaya na ruwan duk mako ya isa wa akwatin gilashi. Ruwan famfo mai kulorin kuma kada ya taɓa soson.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake ɗebo ruwa da tsakuwa. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, har yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ba ta ruɓewa, bakteriya ba sa cin ta, tafasawa ma ba ta fitar da ita. Duwatsun wurin haƙa suna da ƙyalli mai jan ido, yara na son su, amma don Allah kada su shiga tankinka, haka ma ruwan da ya taru a tsofaffin ramukan haƙa. Tarwadar da ka kiwata, iyalinka ne za su ci ta.