Haɗa taurarin GPS da na'urar jin motsi wajen gwajin jirgin alkafura

1. Gabatarwa

Abin da ake kira « voltige aérienne » da Faransanci, mu a nan mun kira shi alkafurar jirgin sama. Kafin a amince da irin wannan jirgi sai an gwada shi a sama, a auna inda yake, da gudunsa, da karkatarsa a kowane lokaci. Jirgi kamar Extra 300, ƙirar Jamus, an yi shi ya jure nauyin da ya ninka nasa sau 10, kuma yana mirginawa fiye da digiri 300 a sakan guda. Idan awo ya kauce, za a rubuta masa iyakar da fukafukansa ba za su ɗauka ba, alhali ran matuƙi na ciki. Za mu nuna dalilin da ya sa hanyar awo ɗaya ba ta isa.

2. Hanyoyin biyu da rauninsu

Tsarin GPS na Amurka, wanda ya kammala a 1995, yana da taurari aƙalla 24 masu yawo a nisan kilomita 20.200 daga ƙasa. Sai jirgi ya samu saƙon 4 daga cikinsu kafin a san matsayinsa. Kuskuren wannan awo ba ya ƙaruwa da lokaci. Amma eriya a bayan jirgi take: da zarar ya kife, jikinsa ya kare ta, saƙo ya yanke. Haka kuma eriya ɗaya ba ta faɗin karkatar jirgi.

Na'urar jin motsi (centrale inertielle) ba ta jiran saƙo daga waje. Tana da ma'aunin hanzari 3 da ma'aunin juyi 3, tana awo sau 100 ko fiye a sakan. Rauninta shi ne kuskure yana taruwa. Mu ɗauka ma'aunin hanzari ya kauce da mita 0,01 a sakan cikin sakan: bayan minti 1 matsayi ya ɓace da mita 18, bayan minti 10 kuwa da mita 1.800.

3. Haɗawa

Ana haɗa su da lissafin da Rudolf Kalman ya fitar a 1960, wato matatar Kalman. Muddin ana samun taurari, tana kwatanta awon biyu, ta gano kaucewar na'urar, ta gyara ta. In jirgi ya kife, na'urar da aka riga aka gyara ita ke riƙe lissafi har saƙo ya dawo.

Haɗin iri biyu ne. Sassauƙan haɗi (couplage lâche) yana karɓar matsayin da GPS ya gama lissafawa, don haka yana bukatar taurari 4. Matsattsen haɗi (couplage serré) yana aiki da awon nisan kowane tauraro, ko da 2 suka rage.

4. Kammalawa

A ganinmu matsattsen haɗi ya fi dacewa da gwajin alkafura, domin lokacin da taurari ke ɓacewa shi ne daidai lokacin da mai gwaji ya fi bukatar awo.